Wa Ya Shata Wa Sama Iyaka?

Ranar Lahadi, 31 ga Agusta, 1986, gab da tsakar rana, wani ƙaramin jirgi mai inji ɗaya ƙirar Piper ya tashi daga filin jirgin Torrance, kudu da birnin Los Angeles a Amurka. Mutum uku ne a ciki, iyali ɗaya, sun nufi yankin tsaunukan Big Bear. Gari garau yake, ba hazo, ba hadari. Jirgin ya fuskanci gabas yana ta hawa, har ya zarce ƙafa 6,000. A daidai wannan lokaci wani jirgin fasinja na kamfanin Aeroméxico, ƙirar DC-9, yana saukowa zuwa babban filin jirgin birnin. Ƙarfe 12 saura minti takwas suka yi karo a sararin garin Cerritos. Mutum 64 da ke cikin babban jirgin suka mutu, da ukun da ke cikin ƙaramin, da wasu 15 da tarkace da wuta suka riska a gidajensu.

Da masu bincike suka tattara abin da ya rage na ƙaramin jirgin, sai suka tarar da taswirar sararin Los Angeles a buɗe. A jikinta akwai layin da ke nuna cewa a wannan yanki, daga ƙafa 6,000 zuwa sama, ba mai shiga sai da izinin masu kula da zirga-zirgar jirage. Karon ya auku a kusan ƙafa 6,500. Matuƙin bai nemi izini ba, kuma ga dukkan alamu bai san ya ƙetare komai ba. Ta yaya ma zai sani, in ba daga takardar ba? A sama babu shinge, babu allon gargaɗi, iskar da ke ƙasan iyakar ita ce dai a samanta.

Ni ba matuƙi ba ne, kuma karon farko da na buɗe irin wannan taswira a kwamfuta (hukumar jiragen saman Amurka, FAA, tana ajiye su kyauta a intanet) kaina ya ɗaure. Da'irori shuɗɗa a cikin da'irori, layuka masu launin jan garura, wasu a haɗe wasu a tsittsinke, lambobi bisa lambobi kamar lissafin kaso. Sai da na koma ga tarihi sannan abin ya fara warware mini, domin kusan kowane layi yana da shekarar da aka ja shi, kuma sau da yawa an ja shi ne bayan an binne mutane.

Kafin a yi maganar layi, sai an san mai filin. Tsohuwar ƙa'idar shari'ar Ingila, wadda Amurka ta gada, tana ɗaukar cewa mai gona ya mallaki duk abin da ke bisa gonarsa har iyakar sama. Muddin tsuntsu kaɗai ke ratsawa, ba wanda abin ya dama. Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da aka yi ta jefa wa Landan bama-bamai daga sama, shi ya tilasta wa gwamnatoci su yi magana. Yarjejeniyar Paris ta 1919 ta ce kowace ƙasa ke da cikakken iko da sararin da ke bisa ƙasarta, kuma yarjejeniyar Shikago ta Disamba 1944, wadda ta haifi hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta maimaita haka a sashenta na farko.

Wannan tsakanin ƙasa da ƙasa ke nan. Tsakanin gwamnati da talaka kuwa, wani mai kiwon kaji ne ya sa aka raba gardama. Sunansa Thomas Lee Causby, gonarsa na kusa da filin jirgin Greensboro a jihar Karolina ta Arewa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu jiragen soja sukan wuce ƙafa 83 kacal bisa filinsa idan za su sauka. Kajinsa sukan firgita su yi ta karo da bango, har kimanin 150 suka mutu, sana'ar ta durƙushe. A 1946 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa tsohuwar ƙa'idar ba ta da gurbi a zamanin jirgi, sama hanya ce ta kowa da kowa, amma Causby yana da haƙƙi a ɗan sararin da ke dab da gonarsa, don haka a biya shi diyya. Tun da aka ce sama hanyar jama'a ce, aikin tsara ta ya hau kan hukuma.

Taswirorin farko ba su damu da wannan ba. Dokar sufurin sama ta 1926 ta ɗora wa gwamnatin tarayya alhakin yi wa matuƙa taswira, kuma a 1930 aka fara fitar da jerin da har yau ake amfani da jikokinsa, bisa ma'aunin da santimita ɗaya a takarda ke daidai da kilomita biyar a ƙasa. Abin da suka cika da shi kuwa ƙasa ce: koguna, layin dogo, garuruwa, tuddai, da fitilun da aka kakkafa domin masu jigilar wasiƙu da dare. Tambayar matuƙin wancan zamani ita ce “ina nake?”, ba “an yarda in kasance a nan?” ba. Ka'idar kauce wa haɗari ɗaya ce, ka buɗe ido, ka hango, ka kauce. Tun da wuri ta nuna rauninta. A Afrilu 1922 jiragen fasinja biyu, ɗaya daga Paris ɗaya daga Landan, suna bin hanya guda a ƙasa-ƙasa cikin hazo a arewacin Faransa, suka yi taho-mu-gama, mutum bakwai suka mutu. Amma jirage kaɗan ne, sama kuma da faɗi, sai aka ci gaba a haka shekaru fiye da talatin, ana kula da jirage a kusa da filaye da kan wasu hanyoyi ƙididdigaggu, sauran kuwa kowa tasa ta fisshe shi.

Ranar 30 ga Yuni, 1956, jirage biyu suka tashi daga Los Angeles da tazarar minti uku, na kamfanin TWA zuwa Kansas City, na United zuwa Shikago. Dukansu sun bar hanyoyin da ake kula da su, abin da doka ta halatta, suka bi ta bisa babban kwazazzabon Grand Canyon a ƙafa 21,000, suna kewaya gizagizai. A nan suka haɗu. Mutum 128 suka mutu, babu wanda ya tsira. Abin da ya girgiza Amurkawa shi ne da suka ji cewa ba wanda ke da alhakin raba jiragen nan biyu. Bayan wasu karon da jiragen soja a 1958, Shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar da ta kafa hukumar da ta zama FAA, aka ba ta iko da sararin ƙasar baki ɗaya, na soja da na farar hula. Daga nan aka keɓe can sama ya zama hurumin da ba mai shiga sai ƙarƙashin umarnin masu kula. Da farko daga ƙafa 24,000 ne, daga baya aka sauko da shi 18,000. Shi ne yau ake kira hurumin A, kuma abin ban sha'awa, ba a zana shi a taswirar ƙananan jirage sam. Mafi girman hurumi a ƙasar ba shi da layi ko ɗaya, matuƙi a ka yake riƙe da shi.

Da aka gyara can sama, sai matsalar ta koma inda manya ke saukowa su gamu da ƙanana. A Satumba 1969, kusa da Indianapolis, jirgin DC-9 na kamfanin Allegheny ya yi karo da wani ƙaramin jirgi wanda ɗalibi mai koyon tuƙi ke ciki shi kaɗai. Mutum 83 suka mutu. A shekarar da ta biyo baya aka fara kewaye manyan filayen jirage da hurumi na musamman, aka soma da Atlanta. Masu ƙananan jirage, ta bakin ƙungiyarsu, ba su karɓi abin hannu bibbiyu ba, suna ganin ana ƙwace musu sama a ba kamfanoni. A fahimtata, siffar da hurumin ya ɗauka tana ɗauke da tabon wannan ja-in-ja. Ba a gina shi kamar rijiya mai faɗi ɗaya daga ƙasa har sama ba. Ka tuna jeren kwanuka a ɗakin amarya, sai dai an juya jeren, ƙaramin kwano a ƙasa, babba a bisansa, mafi girma a can ƙoli. Kusa da fili hurumin ya taɓa ƙasa. Idan ka yi nisa kaɗan sai ya fara daga wani tsayi, idan ka ƙara nisa ya fara daga tsayin da ya fi haka, yana bin gangaren da manyan jirage ke bi wajen sauka da tashi. Ƙarƙashin kowane baki an bar wa ƙaramin jirgi wurin wucewa ba tare da ya nemi izini ba. A wasu biranen ma an tsaga masa burtali ta tsakiya, kamar yadda manoma ke barin hanyar shanu tsakanin gonaki.

Wannan shi ne hurumin B na yau, kuma shi ne layi shuɗi mai kauri, a haɗe. A kowane ɓangare za ka ga lambobi biyu, ɗaya bisa ɗaya. Idan na sama 100 ne na ƙasa 40, an yanke sifili biyu-biyu ne, ma'ana hurumin ya fara daga ƙafa 4,000 ya ƙare a 10,000. Mai shirin tafiya da ya ja layinsa a taswira dole ya bi shi ɓangare-ɓangare yana tambaya: a nan, a tsayin da na zaɓa, ina ƙarƙashin kwano ko ina ciki? In yana ciki, sai ya ji mai kula ya faɗa ɓaro-ɓaro cewa an ba shi izinin shiga. Gaisawa ta rediyo ba ta wadatar ba.

Ƙasa da wannan a tsanani akwai hurumin C, layi a haɗe mai launin jan garura, na filaye masu matsakaicin cunkoso. Yawanci da'ira biyu ce, ta ciki mai nisan mil 5 na teku daga fili, ta waje mai mil 10, rufinsu ƙafa 4,000 bisa filin. Sai hurumin D, layi shuɗi a tsittsinke, na ƙananan filaye masu hasumiya, yawanci har ƙafa 2,500. A waɗannan biyun ba a buƙatar kalmar izini. Matuƙi ya kira, mai kula ya amsa da lambar jirginsa, shi ke nan ƙofa ta buɗe, sai fa in an ce masa ya dakata a waje. In kuwa mai kula ya amsa bai ambaci lambar ba, ba a buɗe ba tukuna. Bambancin ya yi kama da na mai sallama a zaure, akwai gidan da amsa sallama ta isa, akwai wanda sai an ce maka ka shigo.

Alamar da ta fi ba ni wuya ita ce wadda ba layi ba ce sosai, wani launi ne na jan garura mai kauri a gefe guda yana dusashewa zuwa ɗaya gefen. A ɓangaren da ya dusashe, hurumin E yana farawa daga ƙafa 700 bisa ƙasa. A yawancin sauran wurare daga 1,200 yake farawa, kuma ƙarƙashinsa sai hurumin G, wanda ba a kula da shi. Ƙaramin jirgi mai tafiya da ido ba ya neman izinin kowa kafin ya shiga E, to mene ne amfanin zana shi? Amsar tana ga gajimare. A cikin E akwai jiragen da ke tafiya da na'urori kaɗai, waɗanda za su iya faso girgije a kowane lokaci da gudu. Saboda haka doka ta ce mai tafiya da ido, ƙasa da ƙafa 10,000, sai yana hangen mil 3, kuma ya nisanci gajimare da ƙafa 500 ta ƙasa, 1,000 ta sama, 2,000 ta gefe. A G kuwa, da rana kuma kusa da ƙasa, hangen mil ɗaya da rashin kutsawa cikin gajimaren sun wadatar. Launin nan mai dusashewa yana gaya wa matuƙi ne inda tazarar da ke kansa ta ƙaru, don a sami daƙiƙun da za a hango juna.

Akwai kuma tarkon da ke kama ko waɗanda suka daɗe. Lambobin B da C da D daga matakin teku ake ƙirga su, amma 700 da 1,200 na hurumin E daga doron ƙasar wurin ne. A bakin teku bambancin bai taka kara ya karya ba. A Denver, inda filin jirgin kansa ya haura ƙafa 5,000 bisa matakin teku, rufin B a ƙafa 12,000 yake, kuma wanda ya cakuɗa ma'aunan biyu ya yi kuskuren da ya kai mil guda a tsaye.

Mu koma Cerritos. Hukumar binciken haɗura ba ta jibge laifin duka a kan matuƙin ƙaramin jirgin ba. Ta ambaci shigarsa ba da izini ba, amma babban dalilin da ta kafa shi ne gazawar tsarin kula da jirage kansa. Ƙaramin jirgin yana da na'urar da ke amsa wa rada, sai dai ba irin mai bayyana tsayi ba ce, don haka ko an gan shi a allo ba a san yana ƙarƙashin kwano ko yana ciki ba. Daga wannan haɗari aka sami abu biyu. Majalisa ta tilasta wa jiragen fasinja ɗaukar na'urar da ke gargaɗin karo da kanta. Sannan a 1989 aka ƙara wa taswira wata siririyar da'ira mai launin jan garura, mil 30 na teku daga kowane babban fili, wadda a cikinta kusan kowane jirgi sai yana da na'ura mai bayyana tsayinsa, ko da ƙarƙashin hurumin yake wucewa. Tun daga farkon 2020 an ƙara da sharaɗin na'urar da ke shelanta matsayin jirgi ta hanyar tauraron ɗan'adam. Wanda ya ga da'irar nan a kewayen Dallas ko Seattle, gadon Cerritos yake kallo.

Haruffan da nake ta ambata sun zo daga baya. Har zuwa farkon shekarun 1990 kowace ƙasa da irin sunayen da take ba wa huruminta, na Amurka ma dogaye ne masu rikitarwa. A Maris 1990 ICAO ta amince da rabe-rabe bakwai, daga A zuwa G, Amurka ta koma kansu a Satumba 1993, ko da yake ba ta amfani da F. Ta nan labarin ya taɓo mu. ICAO ta kasa sararin duniya yanki-yanki domin hidimar jirage, kuma yankin da ya rufe Najeriya sunan Kano yake ɗauke da shi, ba Legas ko Abuja ba, birnin da ya daɗe yana zangon jiragen da ke ƙetare Sahara. Arewa da shi akwai yankin Yamai, ƙarƙashin hukumar ASECNA. Ɗalibi a kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya haruffan nan bakwai yake haddacewa. Amma harafi kaɗai ne ɗaya, tsayi da launi kowace ƙasa da zaɓinta. Hurumin A da Ba'amurke ya saba jin sa a ƙafa 18,000, a kewayen Landan yana saukowa har 2,500 a wasu wurare. Wanda ya koyi karatun taswira a wata ƙasa, sai ya sake zama ɗalibi idan ya tsallaka iyaka.

Bayan huruman da haɗari ya haifa, akwai waɗanda tsoro ya haifa. Ana zana su da layi mai gezar gajerun zane ta ciki: harafin P da lamba na nufin haramtaccen wuri, kamar P-56 bisa fadar shugaban ƙasa da majalisa a Washinton, R kuwa wurin da soja ke harbi ko gwaji, wanda ake shiga idan ba a aiki kuma an ba da izini. Bayan harin 11 ga Satumba, 2001, an kewaye Washinton da ƙarin zobe mai faɗi. A Mayu 2005 wasu mutum biyu daga Pennsylvania, cikin ɗan jirgi ƙirar Cessna mai kujera biyu, suka ɓata hanya suka kutsa har kusan mil 3 daga fadar. Aka kwashe mutane daga fadar da majalisa a guje, jiragen yaƙi suka tare su suna harba wutar gargaɗi, daga baya aka ƙwace lasisin matuƙin.

Mafi haɗari ga mai shirin tafiya su ne iyakokin da ba su cikin taswirar ma. Idan shugaban Amurka ya je wani gari, ana rufe zoben mil 30 na ɗan lokaci. Haka bisa gobarar daji, haka bisa manyan filayen wasa a lokacin wasa. Waɗannan ta sanarwar matuƙa ake fitar da su, wani lokaci da tazarar sa'o'i kaɗan. Da hukumomin soja a Nijar suka rufe sararin ƙasar a Agusta 2023, jiragen Turai masu zuwa kudu suka koma zagaye, ba a sake zana taswira ba, sanarwa ce ta fita. FAA ta rage tsawon rayuwar taswirorinta daga wata shida zuwa kwana 56 a 2021, kuma yawancin matuƙa yanzu a allo suke karanta su, da ɗan hoton jirginsu yana tafiya a kai. Na tabbata wannan ya rage irin kuskuren Cerritos. Abin da ban yarda da shi ba shi ne zaton cewa layin da ke kan allo, tun da hukuma ce ta ja shi, lallai daidai yake.

A daren 29 ga Janairu, 2025, jirgin fasinja da ya taso daga Wichita yana dab da sauka a filin jirgin Reagan na Washinton, sai ya yi karo da helikwaftan soja bisa kogin Potomac. Mutum 67 suka mutu. Helikwaftan yana bin Hanya ta 4 ne, wadda ke zane a taswirar helikwaftoci ta birnin, da rufin ƙafa 200. Ya ɗan haura wannan tsayi. Amma masu bincike sun lissafa cewa ko da matuƙansa sun tsaya daidai a ƙafa 200, tazarar da ke tsakaninsu da jirgin da ke sauka a titin 33 ba za ta wuce ƙafa 75 ba. Sun kuma tono bayanan shekaru uku da suka gabata, suka sami sau 85 da jirgi da helikwafta suka kusanci juna matuƙa a wannan wuri. A Maris 2025 FAA ta rufe wannan ɓangare na Hanya ta 4 dindindin, daga baya aka sake buga taswirar ba tare da shi ba.